Ƙauri a Injin Wanki: Yadda Za Ka Gano Ko Bel Ne, Ko Wani Abu Ne Ke Cin Bel Ɗin

Injin wanki ba ya ƙauri haka siddan. Duk ranar da ƙaurin roba ko na waya ya tashi daga wajensa, akwai abin da ya ɗauki zafin da bai kamata ba a ciki, kuma muddin ka bar shi yana juyawa, kuɗin gyara ne ke ƙaruwa. Abin da ke damuna a wannan harka shi ne saurin ɗora wa bel laifi. A buɗe bayan inji, a ga bel ya yi baƙi ya tsattsage, a sayo sabo a saka, kafin wata ya zagayo ƙaurin ya dawo. An bar jaki ana dukan taiki. Bel roba ce da zare, aikinsa kawai ya ɗauko juyi daga moto ya kai wa ganga, wato kwandon da ke juyawa da kayan wanki a ciki. Da wuya ya ƙone sai in wani abu ya riƙe gangar, ko ruwa ya jiƙa shi, ko ya saki yana sulɓewa. Saboda haka aikin da ke gabanka biyu ne: ka gano abin da ya ƙone, sannan ka gano abin da ya sa ya ƙone.

Da zarar ka ji ƙaurin

Kashe makunnin soket, ka zare filogi gaba ɗaya. Danna maɓallin tsayarwa na jikin inji bai wadatar ba, domin wuta na nan a cikin wayoyinsa. Idan ƙasa a jiƙe take, ko soket ɗin kansa ne ke hayaƙi, kada ka taɓa shi, ka je ka kashe wutar gidan daga babban makunni. In har harshen wuta ya fito, kada a watsa ruwa alhali inji na haɗe da lantarki. A yanke wutar tukuna, sannan a yi amfani da tukunyar kashe gobara ta gari ko yashi.

Na san jarabar da ke zuwa a nan. Wanki ya kai rabi, kayan makarantar yara ne, wuta kuma ba tabbas, sai zuciya ta ce a bari ya ƙarasa wannan zagayen kawai. A wannan zagayen ne moto ke mutuwa. Kwashe kayan ka ƙarasa da hannu. Rufe famfon da ke ba injin ruwa, ka zubar da ruwan da ke ciki: a injin mai gida biyu, wato mai bahon wanki daban da na matsewa daban, ka murɗa makunnin zubarwa ka kwantar da tiyo ƙasa, a mai ƙofa a gaba kuwa akwai ƙaramin murfi a ƙasa ta gaba, a bayansa za ka ga matatar famfo, sau da yawa da ɗan siririn tiyo na tsiyaye ruwa. Sa faranti mai faɗi da tsumma, domin ruwan yana da yawa. Ka ba injin kamar rabin awa ya huce kafin ka sa hannu.

Hancinka zai rage maka rabin aiki

Ƙauri iri-iri ne, kuma kowanne da inda yake nunawa. Ƙaurin roba irin na taya, musamman in yana tafe da ƙarar ƙiiii a lokacin da inji ke son tashi, na bel ne, ko na robar bakin ƙofa da ganga ke goga. Ƙauri mai kaifi da ke shiga maƙoshi, irin wanda fanka ko injin markaɗe ke yi in ya ƙone, na koyil ne, wato fentin da ke jikin wayoyin moto ya soma narkewa. Wari mai kama da na kifi, a inda ba kifi, alama ce ta robar filogi ko soket ko wani mahaɗin waya da ya ɗauki zafi. Mutane kan raina wannan na ukun, alhali shi ne ya fi kusa da gobara. Akwai kuma ƙaurin ƙura mai zafi ko na tsumma, wanda ke fitowa in zare da ƙura sun taru a kan moto.

Sabon inji kan ɗan yi warin roba a wankin farko da na biyu, sai ya wuce. Idan ya ci gaba ko ya ƙaru, kada ka kwance ko noti ɗaya. Nemi takardar garanti ka koma wa dillali, domin buɗe inji na iya zubar maka da haƙƙinka.

Ka tuna kuma a wane lokaci ƙaurin ya taso. A lokacin wanki ne, ko a matsewa, ko sanda inji ke ƙoƙarin zubar da ruwa, ko sanda yake dumama ruwa? Wannan amsar kaɗai kan kai ka ga sashen da ya lalace.

Fara daga bango

Kafin ka ɗauko sukundireba, dubi filogi. In ƙafafunsa sun yi baƙi, ko robar da ke kewaye da su ta narke, ko bakin soket ya yi ruwan ƙasa, to matsalar tana bango. Injin mai ƙofa a gaba yana da hita mai dumama ruwa da ke jan wajen wat 2000, kusan daidai da babban dutsen guga. Ekstenshan mai siririyar waya ba ya ɗaukar wannan, kuma soket mai sako-sako tartsatsi yake yi a ciki a hankali har ya ci robar. Maganinsa soket mai kyau na amfiya 13 a bango, na injin shi kaɗai, da wayar ƙasa a haɗe, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Wayar ƙasa ba kwalliya ba ce a na'urar da ke haɗa ruwa da lantarki. In injinka na ɗan ja in ka taɓa jikinsa, ka kira mai aikin wuta kafin a sake wanki.

Sai ƙarfin wutar. Injinan da ake sayarwa a Najeriya da Nijar an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A unguwannin da taransifoma ta yi wa nauyi, da yamma wutar kan sauka ƙasa sosai, kwan fitila ya dushe, fanka ta riƙa juyi da ƙyar. A irin wannan wuta moto ba ya samun ƙarfin tashi, sai ya tsaya yana gurnani yana jan wuta, wutar kuma ta koma zafi a cikin koyil. Auna da mitar hannu ta masu gyaran lantarki, ko ka duba allon sitabilaiza. In ta gaza 200, a haƙura da wanki sai ta dawo. Mai amfani da ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1000 ba, kada ya ɗora masa inji mai hita, sai dai in an zaɓi wanki da ruwan sanyi, kuma ko a hakan ka saurari yadda janaretan ke nishi lokacin da matsewa ta fara.

Shin injinka ma yana da bel?

Ba kowanne ba. Mai gida biyu, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, yana da moto biyu: na wanki yana juya faifan da ke ƙasan baho ta hanyar bel, na matsewa kuwa a haɗe yake kai tsaye da kwandonsa, ba bel. Mai ƙofa a sama mai sarrafa kansa yawanci bel ɗinsa gajere ne, a ƙarƙashin inji. Mai ƙofa a gaba bel ɗinsa dogo ne mai faɗi da layuka, a baya, ya zagaye babban fuli, wato gargaren da bel ke hawa kansa. Amma injinan da aka rubuta wa Direct Drive, waɗanda LG ya yi suna da su, motonsu a manne yake da bayan ganga, babu bel sam. In irinsa gare ka, tsallake duk maganar bel ka je ga famfo, hita da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji.

Kayan aikin ba yawa: sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sifana lamba 10 da 13, filaya, tocila, tsumma, da mita in akwai. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowace waya, domin tunani yana yaudara in an zo mayarwa. Gefen ƙarfen murfin baya yana da kaifi, sa safar hannu.

Mai gida biyu da mai ƙofa a gaba, murfin baya za ka kwance. Mai ƙofa a sama, jingine shi za ka yi a jikin bango, wani ya riƙe maka, ka leƙa ta ƙasa. Wasu suna da faranti na roba ko ƙarfe da ya rufe ƙasan. Kada ka shiga ƙarƙashin injin da ba wanda ke riƙe da shi.

Abin da bel zai gaya maka

Haska tocila. Da farko, yana kan fuli ko ya faɗo? Idan ya faɗo ko ya tsinke, shi ya sa kake jin moto na gudu amma ganga a tsaye. Idan yana nan, dubi ƙasan inji da jikin murfin da ka cire: baƙin gari kamar na gawayi alama ce bel na gogewa. Juya shi a hankali ka duba duk tsawonsa. Gefen da ya yi sulɓi yana ƙyalli ya daɗe yana sulɓewa. Tsagewa a ciki tsufa ne da zafi. Wuri guda da ya narke ko ya rame, sauran kuma lafiya, wannan shaida ce babba: gangar ta tsaya cik, ƙaramin fulin moto ya ci gaba da juyi a wuri ɗaya har ya ƙona robar. In gefe ɗaya ne kawai ya zaizaye zare na fitowa, fuli biyun ba su daidaita ba, ko ɗaya na rawa.

Danna tsakiyar bel da babban yatsa. Bel mai siffar V, irin na mai gida biyu, ya kamata ya ɗan lotsa kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi. In ya wuce haka sosai, ya saki. Mai layuka na injin ƙofar gaba kuwa a ɗaure yake tam, kusan ba ya lotsawa.

Shafa shi da yatsa. In ka ji danshi, ko santsin omo, ko maiƙo, to ka gano dalilin sulɓewar, kuma sabon bel ba zai warkar da ita ba. A mai gida biyu, ruwan yakan biyo sandar faifai ne in robar da ke tare ruwa ta mutu, sai ya ɗiga kan fuli. Bi sawun farin busasshen omo da tocila zuwa sama, zai kai ka inda ruwan ke fitowa.

Cire bel ka gwada kowane ɓangare shi kaɗai

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne zuciyar aikin. Cire bel ba wuya: ja shi gefe kaɗan a bakin babban fuli, ka juya fulin da ɗaya hannun, zai zame ya fito. Kula da yatsunka kada su shiga tsakani. Yanzu moto da ganga sun rabu, kowanne zai faɗi gaskiyarsa.

Fara da ɓangaren ganga. Juya babban fuli da hannu. A injin ƙofar gaba, ganga mai lafiya tana juyawa sumul, ba ƙara, ta ɗan ci gaba bayan ka saki. In ka ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar ganga ke juyawa a cikinsa. Tabbatar da haka ta hanya biyu: buɗe ƙofa ka kama leɓen ganga ta sama ka ɗaga ka sauke, in tana motsi ita kaɗai ba tare da bahon waje mai riƙe ruwa ba, boris ya tafi; sannan dubi bayan baho ƙarƙashin fuli, in akwai sawun ruwa mai tsatsa da ya gangaro, ruwa ya daɗe da shiga boris ɗin. Irin wannan inji tun kafin ƙauri yake sanarwa, da ƙara mai ƙarfi a lokacin matsewa wadda ke ƙaruwa wata bayan wata. Ganga mai rawa tana jefar da bel, tana kuma goga robar ƙofa har ta yi ƙauri. Canjin boris babban aiki ne, sai an fito da baho duka, kuma injina da yawa na yanzu bahonsu a liƙe yake ba ya buɗuwa da noti. Tambayi kuɗin aikin ka auna da kuɗin inji kafin ka amince.

In kuwa ƙarar ta karce ce, kamar ƙarfe na taɓa ƙarfe a wuri ɗaya a kowane zagaye, wani abu ne ya faɗa tsakanin ganga da baho: fil ɗin hijabi, ƙarfen rigar mama, ƙusa, ko kwabo, musamman a Nijar inda kuɗin ƙarfe ke yawo a aljihu. Safar yaro ma kan shige ta bakin roba ta cushe. Leƙa ta ramukan ganga da tocila, ka ja robar ƙofa baya ka duba zagayenta.

A mai gida biyu da mai ƙofa a sama, abin da na fi zargi shi ne ƙarƙashin faifai. Tazugen wando, igiyar hijabi, zaren bakin gyale da gashi duk can suke naɗewa a jikin sanda, su ɗaure ta a hankali. Ɓalle ɗan murfin tsakiyar faifai, kwance sukurun da ke ƙarƙashinsa, ka ɗaga faifan sama. In ya ƙi fitowa, zura igiya mai ƙwari ta ƙarƙashinsa daga gefe biyu ka ja daidai, kada ka ɓanɓare da sukundireba ka fasa roba. Yanke duk abin da ya naɗe, ka kwashe yashi da maɓallai. Sake juya fulin. In har yanzu da nauyi ko yana cijewa, akwatin giyar da ke ƙarƙashin baho ne ya lalace. A mai gida biyu wannan ƙaramin abu ne da ake canzawa ɗungurungum, kuma sabo yana zuwa da robar tare ruwansa, sai ka yi maganin cijewa da yoyo a lokaci guda.

Idan ɓangaren ganga lafiya lau yake, ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya game da lodi. Kilo 7 ko 8 da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne na yau da kullum. Babban bargo, darduma, labule mai kauri, in suka sha ruwa nauyinsu ninkuwa yake yi, su dunƙule gefe guda. A mai gida biyu, ƙarancin ruwa ma lodi ne: in kaya ba sa yawo a cikin ruwa, suna zaune ne a kan faifai, bel kuma shi ke biya. Gidan da ake tara wankin mako guda a cusa a zubi biyu, bel ɗinsu ba ya daɗewa.

Yanzu ɓangaren moto. Juya ƙaramin fulinsa da yatsu. Ya kamata ya juya ba cijewa, ba rawa. Kai hanci kusa da ramukansa. Haska ciki ka ga launin koyil: mai lafiya ja-ja ne mai ƙyalli, wanda ya ƙone baƙi ne, wani lokaci da zaren ɗaurinsa a narke. Duba notocin da suka riƙe moton da ƙaramin sukurun da ya ɗaure fuli a kan sanda, domin sakinsu kaɗai na sa bel ya karkace.

In moto bai yi baƙi ba amma alamar da ka gani ita ce gurnani ba juyi, ko sai an tura faifai da hannu yake tashi, zargi kafasito, wanda masu gyaran fanka ke kira kwandensa. Ɗan gwangwani ne ko ɗan akwatin roba mai wayoyi, kuma a mai gida biyu sau da yawa guda ɗaya ne ke ɗauke da na moto biyun, shi ya sa za ka ga lamba biyu a jikinsa, misali 10 da 5, sai 450 na ƙarfin wutar da yake jurewa. Yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, don haka kada ka taɓa bakinsa da hannu. Haɗa bakin biyu da sukundireba mai hannun roba tukuna. Wanda ya kumbura, ya fashe, ko yake zubar da maiƙo ya gama aiki. Wani kuma lafiya a ido amma ya raunana, sai mita mai auna kafasito ta tona shi. Sayi mai lamba daidai da tsohon. Akwai masu saka wanda ya fi girma wai don inji ya ƙara ƙarfi. Ƙarfin na 'yan kwanaki ne, koyil ke ɗaukar zafin. Kafasito na daga cikin mafi arahar kayan inji, amma in aka ƙyale shi ya mutu, da moto yake tafiya.

Injinan ƙofar gaba da ba a rubuta wa Inverter ba, yawanci motonsu na da buroshi biyu na gawayi da ke goga jan ƙarfen sanda. Suna cinyewa da aiki. In sun ƙare sai tartsatsi, ƙauri mai kaifi, baƙin gari a jikin moto, matsewa ta raunana ko ta daina. Kowanne sukuru biyu ne ko ɗan maƙali ke riƙe da shi. Ciro ka auna: in gawayin da ya rage bai kai santimita 1 ba, canza duka biyun tare, ka lura da yadda bakinsu ya karkata kafin ka cire don ka mayar daidai. Sabon buroshi kan ɗan yi ƙara a wankin farko kafin ya zauna.

Moton da ya tsaya da kansa a tsakiyar aiki, ya dawo bayan ya huce, yana da ɗan makunnin kariya a ciki da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. Gargaɗi ne. Kada ka yarda mai gyara ya cire shi ya haɗa waya kai tsaye.

Gidan matsewa

Tunda ba bel a nan, ƙaurin da ya taso lokacin matsewa a mai gida biyu abu uku ne. Na ɗaya birki: akwai siririyar waya daga murfi zuwa birkin da ke saman moto, in ka rufe murfi sai ta ja birkin ya saki. In ta tsinke ko ta zame ko tsatsa ta kama ta, moto zai yi ta kokawa da birki a ɗaure. Rufe murfi, ka juya sandar da hannu ta baya. In da nauyi, birki bai saki ba. Na biyu, safa ko ɗan kamfai da ya tsallake bakin kwando ya faɗa ƙasa ya naɗe sanda, abin da faifan roban da ake dannawa a saman kaya yake hanawa, wanda gidaje da yawa sun yar da shi. Na uku, robar da ke ƙasan kwando ta yage, ruwa na zuba kai tsaye a kan moto. Duk wanda ya canza moton matsewa bai canza wannan robar ba, zai sake saye.

Sayen bel da saka shi

Lambar bel a jikinsa take. Goge da tsumma ka karanta. A mai layuka za ka ga irin 1270 J5: 1270 tsawonsa ne a milimita, harafin nau'in layukan, 5 kuma yawansu. In akwai E ko EL a lambar, mai talewa ne. Na V kuma harafi ne da lamba, harafin na faɗi, lambar ta tsawo. In rubutun ya goge, ɗauki tsohon bel da hoton takardar da ke manne a bayan inji ka tafi da su wurin masu kayan gyara. Amma ka sani tsohon ya riga ya miƙe, don haka sabon da ya dace zai ɗan fi shi gajarta. Kada ka karɓi "kusan daidai". Kada kuma ka sa fanbel na mota ko na injin niƙa don ya shiga.

Kafin sakawa, goge fuli biyun tas. Robar da ta narke a cikin kwarin fuli ka kankare ta da tsinke ko tsohon buroshin haƙori. Ba a shafa wa bel mai, ko giris, ko sabulu don ya daina ƙara.

A mai gida biyu da yawancin masu ƙofa a sama, notocin moto a cikin dogayen ramuka suke. Sassauta su, matso da moto, ɗora bel, ja moto baya har lotsawar ta kai yadda aka faɗa a sama, sannan ka ɗaure. Kada ka ja shi kamar tsirkiya. Ɗaurin da ya wuce kima yana cin boris ɗin moto da na giya. Duba ta gefe ka tabbatar fuli biyun suna kan layi ɗaya.

A mai ƙofa a gaba, bel mai talewa zai yi maka kamar ya yi kaɗan. Haka aka yi shi. Ɗora shi a kan sandar moto tukuna, a kan layukan da tsohon ya bar sawu mai haske. Sannan ɗora gwargwadon abin da ya samu a kan babban fuli, ka ɗaure shi da igiya a jikin fulin don kada ya zame, ka juya fulin a hankali har bel ya hau da kansa. Kwance igiyar, ka juya zagaye da yawa da hannu. Bel ya zauna a tsakiyar babban fuli. In yana gangarowa baki, matsar da shi layi ɗaya a kan sandar moto.

Mayar da murfi kafin ka sa wuta. Gwada inji ba kaya, da ruwa, kana tsaye kusa da soket. Sannan gwada da kaya kaɗan. Bayan wanki uku ko huɗu, sake duba ɗaurin bel na V, domin sabo kan ɗan saki.

In bel da moto duk lafiya

Ƙaurin da ke zuwa sanda ruwa ya ƙi fita, na famfon zubarwa ne: kwabo ko fil ya tare farfelarsa, yana gurnani yana zafi. Buɗe matatar nan ta ƙasa, kwashe dattin, ka juya farfelar da yatsa. Wanda ke zuwa a wankin ruwan zafi kawai, dubi bakin hita a ƙasan baho, sau da yawa mahaɗin wayar ne ya saki ya ƙone. Hita mai wat 2000 in ka auna da mita zai ba ka kusan om 26. Makullin ƙofa da taimar mai gida biyu su ma mahaɗansu kan ƙone, kuma za ka ga robar wurin ta canza launi.

Injin da ke ajiye a tsakar gida ko bayan kicin, ɓera da kyankyaso sun san shi. Ɓera yana cin rigar waya, kyankyaso yana kwana a kan fanel saboda ɗumi ya haɗa wuta. Bi wayoyin da ido daga farko zuwa ƙarshe. Wayar da aka ci a yanke wurin a haɗa da mahaɗi mai kyau, ba a murɗe da hannu a naɗe da leda ba, domin inji girgiza yake yi kuma akwai danshi. Ƙurar hunturu ma tana toshe ramukan shan iskar moto, a share ta da busasshen buroshi sau ɗaya a shekara.

Masu injin busar da kaya ba su da yawa a wurarenmu, rana ta wadatar, amma in kana da shi, ƙaurinsa ya fi na injin wanki haɗari: ɓurɓushin auduga ne ke taruwa kusa da hita, kuma yana kamawa da wuta. Share matatarsa bayan kowace busarwa. Bel ɗinsa siriri ne dogo, ya zagaye gangar duka, da ɗan fuli mai sifirin da ke ɗaure shi, kuma wannan ɗan fulin ne kan cije ya ƙona bel.

Fanel da ya ƙone, koyil da ya yi baƙi, boris, da duk injin da ke faɗar da babban makunnin gida da zarar an kunna, waɗannan na mai gyara ne. Ka gaya masa irin ƙaurin, lokacin da ya taso, da abin da ka gani bayan ka cire bel. In ya ce riwayin za a yi wa moto, wato a sake naɗa masa sabon koyil, tambaye shi da wace waya, jan ƙarfe ko alminiyam, ka kwatanta kuɗin da na sabon moto. Ka nemi ya nuna maka abin da ya kashe na farkon, ya kuma bar maka duk kayan da ya cire.